Katako ko ƙarfe: amsa ga mai shirin rufin gida a Sakkwato

Wani bawan Allah daga cikin garin Sakkwato ya rubuto cewa gininsa ya kai linta, yana shirin rufi. Maƙwabcinsa ya yi nasa rufin da katako, ba a cika shekara biyu ba ya lotsa a tsakiya. Ƙofofin gidan kuma da damina ba sa rufuwa, da hunturu sai su tsage har ana hango haske. Mai walda ya ce masa katakon yanzu duk na banza ne, ya yi da ƙarfe. Kafinta ya ce ƙarfe zafi ne da ɓarnar kuɗi. Yana tambaya: wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi dacewa da garin nan?

Malam, Allah ya sa a gama lafiya, ya sa gidan ya zama na albarka. Mai walda da kafinta kowannensu abincinsa yake karewa, kuma kowannensu ya faɗi rabin gaskiya. Abin da ya sami maƙwabcinka kuwa, ko ban ga rufin ba, mafi ƙarfin zatona ruwa ne: ruwan da ke cikin katakon tun ranar da aka sauke shi daga mota a 'yan katako. A kan wannan zan fi daɗewa, domin shi ne abin da ya fi cin kuɗin mutanenmu, kuma shi ne aka fi yi wa sakaci.

Ka ɗauki katako a matsayin damin kara da aka ɗaure tamau. Jikin itace ƙananan bututu ne masu tsawo da ido ba ya gani, duk sun miƙe daga gindi zuwa sama, an manne su da juna. Idan ka ja damin ta tsawonsa ko ka danne shi ta kai, yana da ƙarfi ƙwarai. Idan ka nemi raba shi ta gefe, nan da nan ya buɗe. Shi ya sa mai faskare yake saran itace ta kai. A gwaji, ƙarfin da katako ke jurewa idan an ja shi ta tsawo ya ninka wanda yake jurewa ta gefe sau ashirin ko fiye. Ƙarfe ba shi da wannan hali, ta ko'ina ka zo masa ƙarfinsa ɗaya ne. Don haka tambayar wanne ya fi ƙarfi ba ta cika ba sai an ce ta wane gefe, kuma da ruwa nawa a ciki.

Ruwan katako ana auna shi da nauyi: nauyin ruwan a kan nauyin katakon idan ya bushe ƙayau. Itace mara nauyi da aka sare yau, ruwan cikinsa na iya kai nauyin itacen kansa. Ruwan nan gida biyu yake. Akwai wanda ya cika ramukan bututun, akwai wanda ya jiƙa bangonsu. Na farko shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canza girman katako ko kaɗan. Sai ruwa ya sauko wajen kashi 30 cikin ɗari sannan bangon bututun ya fara bushewa, daga nan ne katako ke fara tsukewa. Wannan ne ke yaudarar mai saye. Ka taɓa katako ka ji bayansa a bushe, alhali cikinsa bai ma fara tsukewar ba.

Kuma katako ba ya bushewa sau ɗaya ya huta. Muddin yana nan, yana musayar laima da iskar da ke kewaye da shi har su daidaita. Idan laimar iska ta kai kashi 80, katako kan tsaya a ruwa wajen kashi 16. Idan ta faɗo kashi 20, ruwan katako ba ya kai kashi 5. To ka duba garinmu. A watan Agusta iska a jiƙe take, a Fabrairu da Maris kuwa laima kan faɗi ƙasa da kashi 20, leɓe na tsagewa. Ɗan Legas ko Fatakwal ba ya ganin irin wannan hawa da sauka, laimarsu kusan a sama take duk shekara. Mu kuma yawancin katakonmu daga can kudu yake zuwa, daga dazukan Ondo da Edo da Kuros Riba, sau da yawa ba a daɗe da yanka shi ba. An tsage shi a inda iska ke jiƙe, an ɗora a tirela, kwana kaɗan ya sauka a ɗaya daga cikin garuruwa mafi bushewa a ƙasar nan, washegari kafinta ya hau da shi sama ya buga ƙusa.

Da a ce tsukewar daidai take ta kowane gefe, da matsalar ta zo da sauƙi. Ta tsawo katako kusan ba ya raguwa, abin bai wuce kashi 0.1 zuwa 0.2 cikin ɗari ba. Ta zagayen zoben itace kuwa yakan ragu kashi 6 zuwa 10 daga ɗanye zuwa busasshe, ta ɓangaren da ya nufi tsakiyar itace kuma kusan rabin haka. Wannan rashin daidaito shi ne ke kawo lanƙwasa da murɗewa da tsagewa. In ka je saye, ka tsuguna ka dubi bakin katakon inda zarto ya yanka. Za ka ga layukan zobe. Idan sun tsaya a miƙe daga wannan fuska zuwa waccan, katakon zai zauna lafiya. Idan sun kwanta suna lanƙwasa, zai yi kwari yayin bushewa. Idan kuma ka ga ɗigon tsakiyar itacen a cikin guntun, ka ajiye shi, kusan tabbas zai tsage daga nan.

Ga lissafin ƙofar maƙwabcinka. Ƙofa mai faɗin santimita 90 da aka jera falankai aka manne, idan ruwanta ya tashi daga kashi 5 da hunturu zuwa kashi 13 da damina, faɗinta na iya ƙaruwa da santimita ɗaya zuwa biyu, gwargwadon irin itacen. Babu gam ko ƙusar da za ta hana wannan. In an hana shi motsi, tsagewa zai yi. Maganinsa tsohon sani ne a wajen kafintoci: a yi firam, a zura falankan tsakiya cikin tsagi ba tare da gam ba, su kumbura su tsuke a cikin tsagin yadda suke so. A shafa fenti ko banish a ko'ina, har da saman ƙofar da ƙasanta inda ido ba ya kaiwa, domin ta nan laima ta fi shiga. Wanda ya rataya ƙofa da hunturu ya bar mata ɗan sarari, wanda ya rataya a Agusta ya matse ta. Filawud bai cika wannan fitina ba saboda an jera shafukansa wani a tsaye wani a gicciye, kowanne na riƙe ɗan'uwansa. MDF kuwa, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ka nisanta shi da bayi da madafa, in ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa.

Lotsawar rufi tana da sababi biyu da sukan haɗu. Na farko, ɗanyen katako bai kai busasshe ƙarfi ba, kuma idan ya bushe alhali yana ɗauke da kaya, yakan sunkuya a hankali ya ƙage a haka. Ko busasshen katako ma, idan ya shekara da shekaru ƙarƙashin nauyi, lanƙwasarsa kan kai ninki biyu na ranar farko, kuma nauyin da zai iya ɗauka na dindindin bai wuce wajen kashi 60 na abin da yake ɗauka a gwajin 'yan mintoci ba. Injiniya na sanya wannan a lissafi. Kafintan da ya hau rafta ya yi tsalle ya ce ka ga ko motsi bai yi ba, gwajin minti ɗaya ya yi maka.

Na biyu shi ne girma da yadda aka ɗora shi, kuma nan ne nake so ka riƙe lambobi kaɗan. Ƙarfin katakon da aka gitta yana tafiya da zurfinsa sau kansa, taurinsa wajen ƙin lanƙwasa kuma da zurfinsa sau kansa har uku. Ma'ana, 2x4 ɗaya tak, wato katako mai inci biyu a kan inci huɗu, in ka tsayar da shi a kan gefensa ya ninka wanda aka kwantar ƙarfi sau biyu, tauri sau huɗu. In ka bar 2x4 ka ɗauki 2x6, ka ƙara rabin katako ne kawai, amma taurin ya ninku fiye da sau uku. Haka lissafin ke aiki idan aka rage. Katakon da ake kira 2x4 a kasuwa, je da tef ka auna. In ya zo inci ɗaya da kwata uku a kan inci uku da rabi, ido zai ce ɗan kaɗan ne aka rage, amma kusan kashi 40 na taurinsa ya tafi. Tazara ta fi wannan muni: idan aka ninka nisan da katako zai tsallaka ba tare da tokari ba, lanƙwasarsa kan ninku sau 16. Kafinta ya cire tokari ɗaya don ya rage maka kuɗi, ga inda abin ke komawa.

Ka kuma lura da ido, wato inda reshe ya fito, da kuma tafiyar zaren katako. Idan zaren ya karkace da inci ɗaya a cikin inci 10, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin ya ragu. In inci ɗaya ne a cikin biyar, kusan rabi. Babban ido a ƙasan rafta, a tsakiyar tazara, nan ne wurin karyewa, domin ƙasan ne ake ja idan kaya ya danna sama. In dole a yi amfani da shi, a juya idon ya koma sama.

Yanzu ga ƙarfe. A ma'aunin tauri da ake kira megafaskal, ƙarfen gini yana da 200,000, alminiyam 70,000, kankare tsakanin 25,000 da 30,000, katako mai kyau ta tsawonsa wajen 10,000 zuwa 12,000. A nan mai walda ya yi gaskiya, ƙarfe ya ninka katako sau ashirin. Abin da bai faɗa maka ba shi ne nauyi. Mita ɗaya ta kowane gefe na ƙarfe kilo 7,850 ne, na kankare 2,400, na itacen loko wajen 650. Ƙarfe ya ninka loko nauyi sau 12. In kilo da kilo za a gwada, ratar ba ta kai ninki biyu ba. Shi ya sa ba a yin rufi da curarren ƙarfe, sai bututu mai rami, kuma duk amincin bututun yana ga kaurin bangonsa. Bututu mai bango siriri ba ya jira ƙarfen ya kai iyakar ƙarfinsa, lauyewa yake yi ya noƙe. Wajen walda kuma wuta na huda shi, sai mai walda ya koma ɗige-ɗige maimakon ɗinki cikakke, ya shafe da fenti. Ni dai na fi amincewa da busasshen 2x6 a kan irin wannan bututu. Inda ƙarfe ya yi wa katako fintinkau shi ne hali biyu: kowane guntu daidai yake da ɗan'uwansa in masana'anta ta gaskiya ce ta yi, kuma yana lanƙwasa ya yi gargaɗi kafin ya karye. Da wannan ake gane rodi mai kyau. In maƙeri ya lanƙwasa shi ka ga bayan lanƙwasar ya tsattsage, kada ya shiga gininka.

Su kansu itatuwan ba ɗaya ba ne, kuma nauyi shi ne alama mafi sauƙi, muddin busassu ake gwadawa. Obece, farin katakon nan mai laushi, mita ɗaya ta kowane gefe nasa bai wuce wajen kilo 380 ba. Yana da daɗin aiki, ya dace da silin da katakon zuba kankare, amma ba na ɗaukar kaya ba ne, kuma ƙwaro na mai da shi gari. Malaina ta fi shi nauyi, ba ta cika murɗewa ba, sai dai tana da jinkirin bushewa ƙwarai. Loko yana da ƙarfi, motsinsa kaɗan ne, gara ba ta son zuciyarsa. Madacinmu na nan arewa ya fi madacin kurmi nauyi da tauri. Ƙirya kuwa duk wanda ya ga turmin da aka gada daga kaka ya san abin da take iyawa, amma ba ta ba da dogon katako miƙaƙƙe. Kowane iri ne, farin da ke gefen itace daban yake da jan da ke zuciya. Ƙarfinsu kusan ɗaya ne, amma farin shi ne abincin ƙwaro da gara, ko a jikin loko.

Magabatanmu sun san duk wannan ba tare da lambobi ba. Azara da ake tsagawa daga giginya, ƙarfinta yana bayan itacen inda baƙaƙen zaruruwa suka cunkushe, tsakiyar kuwa laushi ne da ita, shi ya sa ake tsaga ta a fitar da cikin. Gara ba ta cika samun ta da sauƙi ba. Magina sun san azara ɗauke da ƙasar soro ba ta tsallaka abin da ya kai mita biyu ba tare da ta sunkuya ba, don haka in suna son faɗi sai su fito da azara daga bango hawa-hawa, ko su ɗaure baka. Da wannan hikima Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. In ka shiga tsohon zaure a cikin gari ko a Wurno ka ɗaga kai, za ka ga an jera azara kusa da kusa a gajeriyar tazara, ba wanda ya tilasta mata abin da ba ta iyawa. Yana damuna ganin giginya na ƙarewa ana sara ba a dasawa, ga shi ba bishiyar da ke girma a shekara goma ba ce.

Ruɓewa ba babbar damuwarmu ba ce. Naman gwarin da ke ruɓar da katako yana buƙatar ruwan katako ya haura kashi 20, rufin da ba ya yoyo a Sakkwato kuwa ba ya kaiwa nan. Gara ce abokiyar gabarmu, ita kuma daga ƙasa take tasowa ta cikin ramin bulo. Baƙin man mota da ake shafawa bayan katako kawai yake tsayawa, ɗanyen katako ma ba ya shan sa, kuma yana ɓoye maka farin gefe da tsaga. A sa maganin gara na gaskiya a kan busasshen katako, a jiƙa bakunan da aka yanka sosai, a yi wa ƙasan ginin magani, kada a bar guntayen katako a binne cikin ciko. Nan kam ƙarfe ya huta, sai tsatsa, ita ma a busasshen gari jan fentin hana tsatsa ya ishe ta in an shafa har wuraren walda.

Maganar zafi da kafinta ya yi, gaskiya ne ƙarfe na ɗaukar zafi fiye da katako sama da sau 300. Taɓa ƙofar ƙarfe mai kallon yamma da la'asar a watan Afrilu, za ka janye hannu ba shiri. Amma zafin ɗaki daga kwano yake saukowa, ba daga abin da ke riƙe da kwanon ba. Silin mai kyau da kafar da iska za ta ratsa tsakanin silin da kwano su ne magani, ko da me aka yi ƙashin rufin. Abin da zafi ke yi wa ƙarafa shi ne miƙewa. Kwanon alminiyam mai tsawon mita 6, idan zafinsa ya canza da digiri 40 tsakanin tsakar rana da asuba, yana miƙewa ya tsuke da fiye da milimita 5, na ƙarfe kuma kusan 3. Ƙarar da kake ji a rufi bayan magariba ke nan, kuma shi ke faɗaɗa ramin ƙusa har ya fara yoyo. Gobara kuwa ba ta bar kowa ba. Ƙarfe ba ya ci, amma a wajen digiri 550 zuwa 600 rabin ƙarfinsa ya tafi. Katako na cin wuta a hankali, ƙasa da milimita ɗaya a minti, ƙaton gungume zai daɗe a tsaye, amma 2x4 ba shi da naman da zai kai shi nesa.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma shi ya fi kwashe rufi a jihar nan: iskar farkon damina. Rufin kwano ba shi da nauyi, iska kuma ɗaga shi take yi sama. A ranar, ƙarfin katako ko na bututu ba shi ne abin dubawa ba, mahaɗa ce. Ƙusar da aka buga a ɗanyen katako, in ya bushe tana iya rasa fiye da rabin riƙonta, wadda aka buga a bakin katako kuwa dama ba ta da riƙon kirki. Tun wajen zuba kankaren saman bango a bar rodi a waje da za a naɗe katakon da ke kwance kan bango, kowace rafta kuma a ɗaure ta da langa-langa. In ƙarfe ne, a binne faranti cikin kankare a yi walda a kai. Ɗora bulo da duwatsu a kan kwano ba ya maye gurbin wannan.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ɗakunan kwana da falo na gida da faɗinsu bai wuce mita huɗu zuwa biyar ba, katako ya isa, kuma duk kafintan unguwa zai iya gyara shi gobe. Babban falo ko masallaci ko shago mai faɗin mita takwas zuwa sama ba ginshiƙi, a tafi ga ƙarfe, injiniya ya rubuta girman bututu da kaurinsa, kai kuma ka sa a auna kaurin a gabanka kafin ka biya.

In katakon ka zaɓa, saye shi yanzu, kada ka jira ranar rufi. A jera shi a inuwa, a ɗaga shi daga ƙasa a kan bulo, a sa siraran sanduna tsakanin kowane jeri, sandunan su hau kan juna a layi ɗaya, a danne sama da nauyi. Kada rana ta buge shi kai tsaye, kuma da hunturu a kare shi daga bakin iska, domin bushewar gaggawa ma tsaga shi take yi. Bakin katako na fitar da ruwa fiye da gefensa sau goma ko fiye, don haka a shafe bakunan da ragowar fenti. In ba ka da na'urar auna laima, zaɓi guda biyu daga tsakiyar jerin ka yi musu alama, ka riƙa ɗora su a sikeli duk mako kana rubutawa. Ranar da nauyin ya daina sauka, a ware waɗanda suka murɗe a yanka su gajeru don tokari, miƙaƙƙun su hau sama.